Malam Abdulhakeem da Bututun Gilashi

Ana idar da sallar asuba Malam Abdulhakeem Jaji yake kama hanyar ɗakin gwaje-gwajen kimiyya na makarantar da muke aiki a Azare. Ni nake kula da janareta, don haka kullum ina ganinsa. Farar rigar aiki ta sha guga, tsumma a hannu, yana bin injunan ɗakin yana gogewa. Ko ɗaya ba ya kunnawa. A wurinsa aiki shi ne kaya su yi ƙyalli, baƙo ya leƙo ya ce masha Allah.

Mutumin Gamawa ne. Ya zo da takardar koyon fasaha, aka damƙa masa mukullai, daga ranar bai ƙara koyon komai ba sai baki. A teburin mai shayi "injiniya" ake ce masa, shi kuma ya amsa ba kunya.

Bana wata ɗaliba 'yar Itas, Mas'uda, ta ɗauki aikin kammala karatunta a kan wani bututun gilashi. Ana zuƙe iskar da ke ciki, a ɗura iskar oksijin da 'yar wata iska da ake kira argon, a sakar masa wutar lantarki, sai ya kama haske kamar fitila. Yadda ta yi mini bayani, ƙwayoyin oksijin bibbiyu suke tafiya, wutar ce take raba su ɗai-ɗai. Yawan waɗanda suka rabu take son aunawa. Wata na'ura ce take kallon hasken ta jikin gilashin, sai a gwada ƙarfin hasken waɗanda suka rabu da na argon. In ba ta kai sakamako kafin malamin da zai jarraba su ya iso ba, sai baɗi.

Da farko aiki ya tafi daidai. Wata safiya hasken oksijin ya yi ƙasa, ya ƙi dawowa. Ta canza wayoyi, ta duba famfon zuƙe iska, har janaretana ta zarga. Sai da ta kwance bututun ta zura yatsa ciki, yatsan ya fito da maiƙo.

Ta nuna wa Malam Abdulhakeem ta ce, "Malam, me ya shiga nan?"

Ya ce, "Man keken ɗinki ne, ɗan kaɗan. Na ga gilashin ya dushe. Ba ki ga yadda yake walƙiya yanzu ba?"

"Malam, ai man nan cinye oksijin ɗin yake! Ga shi ya bi har cikin famfo."

"Ke yarinya, tun ba ki iya ɗaura zane ba nake riƙe da ɗakin nan. Ki samu wuri ki rubuta lambobi masu kyau. Wa zai shiga bututu ya ƙirga?"

Ta ƙi. Ta yi ta wanke gilashi har hannunta ya yi fari, amma famfon sai an kai shi gyara wani gari. Kafin ya dawo, mai jarrabawa ya zo ya tafi. Abokan karatunta suka gama, ita ta haɗa kayanta ta koma Itas jiran baɗi.

Haƙuri ko na fatar baki Malam Abdulhakeem bai ba ta ba. Ran da ta tafi na same shi yana naɗe bututun cikin tsohon bargo. Ya cusa a kabad, ya danna kwaɗo.

Ya ce, "Mamman, kai ne shaida, ɗaliban yanzu ɓarna gare su. Daga yau ba mai sake taɓa shi."

Ya jefa mukullin a aljihu ya fice.