Majo Barmo da Takardar da Aka Manne da Roba

Kafin rana ta ɗaga a Tsarnawa, Majo Barmo Isufu ya riga ya jingine tsohon babur ɗinsa a jikin katangar likita, ƙaramin asibitin garin. Majo shi ne sunan da mutanen nan ke kiran babban ma'aikacin jinya na gari da shi, kuma Barmo ya daɗe da amsa shi har wasu sun manta cewa ba sunan yanka ba ne. Abu na farko da yake yi shi ne buɗe firjin allurar rigakafi ya ga ko sanyi ya kwana. Daga nan sai ya bi layin mata yana gaisawa, yana taɓa goshin yara, yana yi wa wadda ta bar zazzaɓi ya kwana uku faɗa kamar zai cinye ta, sannan ya sa a shigo da ita kafin kowa. Haka yake yi shekara talatin da huɗu, kuma a ƙarshen watan jiya ya yi ritaya.

Wannan aikin kowa ya san shi. Akwai wani kuma da babu wanda ya ɗora masa, shi ne wanda yake yi bayan la'asar a kan benci bayan ɗakin ajiyar magani. Can za ka tarar da saurayi ko budurwa riƙe da babban ambulan na takardu, an zauna ana jiransa. Daga Ƙonni, babban garin yankinmu, Sakkwato ta fi Yamai, babban birnin ƙasarmu, kusa nesa ba kusa ba, shi ya sa yaran yankin da yawa suke tsallaka iyaka su karanci aikin jinya. Sai sun dawo da takarda a hannu, gida ana ta guɗa, sannan su ji labarin da babu wanda ya ba su tun farko: takardar wata ƙasa ba ta aiki sai hukumar ƙasarka ta duba ta amince. Dole a fassara ta daga Ingilishi zuwa Faransanci wurin mai fassarar da hukuma ta yarda da shi, a buga mata hatimi nan, a buga can, a haɗa dosiye, wato fayil ɗin takardun, a kai Yamai, a zauna jira. Wanda bai san ƙofar da zai fara ƙwanƙwasawa ba sai ya shekara yana zagaye.

Barmo ya san zafin wannan zagayen domin da ƙafarsa ya yi shi. Shi ma a Sakkwato ya yi karatu yana saurayi. Shekara shida ya yi yana wanke kwanuka da tafasa sirinji a likitar Illela, da takardarsa a ƙarƙashin katifa, yana kallon waɗanda bai gaza su da komai ba suna duba marasa lafiya. In ka tambaye shi wa ya zalunce shi, sai ya yi dariya ya ce babu kowa, shi dai bai samu wanda zai zaunar da shi ya ce masa fara da wannan ba.

Kai ne ka zama wannan mutumin ga 'ya'yan wasu, Majo. Ba ka da buro, wato ofis, ba ka da hatimi, kuma ko ƙwayar goro ba ka taɓa karɓa a kan bencin nan ba. Daga Malbaza zuwa Badagishiri akwai masu farar riga da yawa da za su ɗaga hannu in aka tambayi wa ya jera musu dosiye. Amma labarin da mutanen Tsarnawa suka fi bayarwa shi ne na Raihanatu.

Raihanatu Yahuza 'yar wani manomin albasa ce daga wani ƙauye kusa da Malbaza. Ta gama karatun jinya a Sakkwato, ta dawo, ta zo likitar Tsarnawa tana taimakawa kyauta kafin takardarta ta samu karɓuwa. Hannunta yana da sauƙi, ga ido, tana gane yaron da jikinsa ya rasa ruwa tun daga bakin ƙofa. Amma doka ba ta ba ta damar taɓa mara lafiya da allura ba. Ita za ta auna nauyin yaro, ta zuƙo maganin daidai, sannan ta miƙa wa Majo sirinjin ta koma gefe. Kullum sai abin ya sosa mata rai, ko da yake ba ta taɓa faɗa ba.

Da Barmo ya ce ta kawo ainihin takardar ya gani, mahaifinta Malam Yahuza ya ce shi da kansa zai kai, wannan ba kayan da za a ba yarinya ta hau mota da su ba ne. Ya zo ranar Talata da rigarsa ta zuwa Juma'a, takardar a naɗe cikin sabon zane. Ya warware a hankali ya miƙa da hannu biyu. Takardar na ta sheƙi a rana, an manne ta gaba da baya da roba mai kauri.

"Ka gani, Majo?" in ji Malam Yahuza, bakinsa har kunne. "Ƙonni ni kai ta anka manne min ita. Bara gara ta cinye min takardar gona, ni ce wagga kam ba a yi min haka. Ko ruwa ya zuba bisa gare ta, ba ta jiƙa."

Barmo ya juya takardar ya dubi bayanta, ya sake juyawa.

"Malam Yahuza, ka yi dabara ta mai son ɗiyarshi," in ji shi. "Sai dai akwai matsala guda. Bayan takardar ga a ka buga hatimi, kuma tawada ba ta kama roba. Mutanen buro in sunka ga takarda cikin roba, ba su iya taɓa ta su san ta gaske ce ko ta jabu. Maido ta su kai."

Murmushin dattijon ya ɓace. Ya laluba aljihu ya ciro reza, ya kama kusurwar takardar.

"To a ɓare ta mana!"

Barmo ya cafke hannunsa. "Kul! Robar ta riga ta sha rubutun. In ka ɓare, da sunan ɗiyarka za ta tashi."

Malam Yahuza ya zauna a ƙasa, ba ma a kan bencin ba. Mutumin da ya yi shekara uku yana ban ruwan albasa tun asuba domin wannan takarda, yau ga shi an ce da hannunsa ya rufe mata hanya. Waɗanda ke wurin sun ce Majo bai bar shi ya kai ga kuka ba. Ya tsuguna kusa da shi ya ce, "Tashi, Malam. Ba kai ɗai ka taɓa yin haka ba, kuma lakwal ɗin da ta karantar da ita ta ba ta takarda tana nan ba ta tashi ba. Mu tahi mu roƙe su shaida sabuwa."

Faɗar ta fi yin sauƙi. Barmo ya ɗebi kwanakin hutunsa na shekara, waɗanda ya saba kashewa a gonarsa ta gero, ya raka Raihanatu Sakkwato. Zuwan farko aka ce mai rajistar makarantar ya yi tafiya. Zuwa na biyu suka same shi, ya saurare su da kunne ɗaya, ya ce ba a ba da takarda sau biyu, ya ci gaba da rubutunsa.

Washegari Raihanatu ta same shi a bayan ɗakin magani, ba ambulan a hannunta.

"Baba Majo, na gaji. Akwai wani mai shagon magani can hayin iyaka, ya ce in zo in riƙa tsare mishi shago. Can ba mai tambayata hatimi."

"Shekara ukku kinka yi kina koyon tsaron shago?"

"To mi za ni yi? Kullum ni ka zuƙo magani in miƙa maka kamar wadda ba ta san komi ba. Baba ko ya daina cin tuwo da mutane don kunya."

Barmo ya ji maganar har cikin ransa, domin ya tuna ranar da shi ma ya kusa jefar da komai ya bi motar kaya. Amma bai nuna ba. Ya ɗauko babban littafin rajistar marasa lafiya ya dire mata a cinya.

"Ba ni wata biyu. In ba ta yi ba, ni da kaina ni ka kai ki shagon bisa babur. Yanzu buɗe nan ki karanta min. Ranar da takarda ta hito, da Ingilishin Sakkwato za ki cika musu rajista?"

Ta karanta layi ɗaya, ya riƙe kai. Faransancinta na firamare ya yi tsatsa, tana kiran sunan ciwo kamar mai tauna tsakuwa. Ya yi ta yi mata tsiya har ta yi dariya ba ta shirya ba. Tun daga ranar, kowace la'asar sai sun zauna: sunan magani a can, sunansa a nan, yadda ake rubuta rahoton wata, yadda ake tura mara lafiya babbar likitar Ƙonni. Aikin ta san shi sarai, harshen aikin ne ya rage.

Zuwa na uku Barmo ya shirya. Ya sa ta ɗauko littafin da malamanta suka riƙa sa hannu lokacin da take koyon aiki a asibiti, da katin makaranta, da takardar nan mai roba. Suka isa tun ba a buɗe ofis ba. Bai yi faɗa ba, bai roƙi a ba su takarda ta biyu ba. Cewa ya yi da mai rajista, "Ranka shi daɗe, ba sabuwa mu ka nema ba. Buɗe littahinku ka duba. In sunanta na ciki, rubuta muna shaida bisa farar takarda cewa ɗiyarku ce, ta gama. In babu, mu tashi mu ba ka wuri." Sannan ya koma bencin bakin ƙofa ya zauna da carbinsa. Duk wanda ya shiga sai ya gaishe shi, duk wanda ya fito sai ya gaishe shi. Aka yi azahar yana nan, aka yi la'asar yana nan. Wajen ƙarfe huɗu mai rajista ya leƙo, ya ga dattijo da furfura bai ko motsa ba, ya girgiza kai ya aika a ɗauko littafin shekarar. Sunan Raihanatu na shafi na tara.

Sauran aikin ya ci wata goma sha ɗaya, ba biyu ba, kuma Raihanatu ba ta ƙara maganar shago ba. Aka fassara shaidar, aka bi ƙofofin hatimi ɗaya bayan ɗaya yadda Majo ya jera su a bayan wani tsohon kwalin magani, aka kai dosiye Yamai. Takardar amincewa ta iso saura mako uku Barmo ya ajiye aiki. Da hukumar lafiya ta yankin ta tashi cike gurbi a Tsarnawa, ba ta yi dogon nema ba, Raihanatu ta ɗauka.

Ranar aikinsa ta ƙarshe, da hantsi, wata mata ta shigo a guje da yarinya 'yar shekara uku, jiki zafi rau, idanu sun kafe. Raihanatu ta karɓe ta, ta gwada jini, ta auna nauyi, ta zuƙo maganin. Sai hannunta ya yi abin da ya saba, ta juya ta miƙa wa Majo sirinjin. Barmo ya maida hannayensa biyu baya.

"Mi ki ka ba ni? Yi aikinki."

Ta dube shi, ta dubi yarinyar, ta nemi jijiya ta samu a karo ɗaya. Uwar yarinyar ba ta ma san wani abu ya faru ba, ita dai idonta na kan 'yarta. Majo ya tsaya har numfashin yarinyar ya daidaita, sannan ya fita waje ya daɗe yana goge tabarau ɗin da babu ƙura a jikinsa.

Mun gode, Majo Barmo, ɗan Isufu, mai haƙurin zaman benci. Kai ne ka sha wahalar hanya, ka ƙi yarda na bayanka su sha irinta. Allah ya ba ka lafiyar cin hutunka, ya sa ka ga gonarka da kyau bana. Ku kuma da kuka san ƙofofin buro, a likita kuke ko a lakwal ko a ina, akwai wani yaro kusa da ku da ambulan a hammata wanda bai san inda zai fara ba. Ba sai kuna da hatimi ba. Ku zaunar da shi ku ce ya buɗe ku gani.

Da la'asar ɗin ranar aikinsa ta ƙarshe Barmo ya tayar da babur ɗinsa, sau uku kafin ya kama. Akwai sauran mata shida a layi suna jiran Raihanatu, kuma babu wadda ta taso ta tare shi ta ce wa zai duba mu. Ya ce a duk shekarunsa na aiki ba a taɓa yi masa karramawar da ta kai wannan ba.