Goggo Kulu da Kibod Mai Ƙara

Duk wanda ya taɓa zama kusa da Goggo Kulu ya san ba a yi mata magana hannunta na hutawa. Kana faɗa tana bugawa. A kan cinyarta, a kan faifai, a murfin kwano, ko a bayan jikan da tsautsayi ya kwantar kusa da ita. Yatsu goma, tas-tas-tas, ido na kallonka, baki a rufe. Aikin tafireta ta yi a sakatariya nan Kaura tun da ƙuruciyarta har ta yi ritaya. To ita dai ta bar ofis, amma yatsun babu wanda ya sallame su. Abin da ya fi haɗari shi ne in ta kai ƙarshen layi a zuciyarta, sai hannun hagu ya tashi ya kai mari, yadda ake tura kan tafireta ya koma farko. Mu 'yan gida mun san lokacin sunkuyawa, baƙo kuwa sai ta Allah.

Ku tambayi ɗan kabu-kabun da ya ɗauke ta zuwa Kasuwar Daji. Bawan Allah mai son hira, ya kama ba ta labarin rikicin gonarsu, ita kuma tana bugawa a kan jakar da ta tokare tsakaninsu. Ana cikin tafiya sai ji ya yi tau! a kunne, hula ta yi cikin gero.

"Hajiya! Mi niy yi miki?"

"Ba ka yi komi ba, ɗana. Layi na yaƙ ƙare. Ɗauko hularka ka ci gaba."

Daga ranar in ta tsayar da shi sai ya ce, "Ina kai ki, Hajiya, amma ba hira."

Ni Saratu ɗiyar ƙanenta ce, kuma a hannunta na koyi bugu. Da muka buɗe shagon kwamfuta kusa da tasha ni da ƙanena Bashar, gaba ina buga wa mutane takardu, baya shi yana kula da samari masu wasan gem, Goggo ta zo sa albarka. Ta zagaya, ta tsaya kan teburina, ta sa yatsa ɗaya ta danna kibod ɗina, irin mai laushin nan da ba ya ko tari.

"Wanga ya mutu?"

"Sabo na, Goggo."

"To mi as sa ba ya magana? Kamar ina danna tuwon jiya!" Ta goge yatsan a gefen hijabi. "Ɗiyata, aikin da maƙwabci bai ji ba, barci na."

Wannan maganar kowa ya sha ta a bakinta. Mai daka, mai faskare, har mai sharar da tsintsiyarta ba ta ƙara, duk sun samu rabonsu.

Sai wata damina hawan jini ya kayar da ita a tsakar gida tana tankaɗe. Baki ya dawo tun kafin mu bar asibiti, ma'aikatan jinya su ne shaida. Ƙafa ma ta dawo a hankali. Hannun hagu ne ya ƙi, yatsun suka lanƙwashe suka tsaya. Da muka koma gida ta sa aka sauko mata da tsohuwar tafiretarta, ta ɗora hagun a kai, ta danna iya ƙarfinta, harafin ko rabin hanya bai tashi ba. Ta ja zane ta rufe injin, ta cusa hannun cikin hijabi, ta juya fuska bango.

Likita ya gaya mana gaskiya: in ba a motsa yatsun kullum ba, za su sandare ke nan har abada. Ya ba ta ƙwallon roba ta riƙa matsawa. Kafin azahar ƙwallon yana gaban akuya.

"Ni da nib buga jawabin ciyaman bayan ciyaman, ni za a ba ƙwallo kamar ɗan yaye?"

Mun yi dariya, amma ni a tsorace nake. Goggo ta daina zuwa biki, ta daina zuwa suna, ta daina leƙo mu a shago. Kana yi mata magana hannun dama ma yana kwance a cinya kamar ba nata ba. Ina ji ina gani matar da ta fi kowa hayaniya a unguwarmu tana naɗe tabarmarta tun ba a ce ta tashi ba, kuma na rasa ta inda zan ɓullo mata.

Bashar ne ya zo da dabara. Ya zauna a bakin ƙofarta yana magana kamar da ni yake.

"Yaya, kin san akwai kibod da masu gem ka so, mai ƙara kamar tafireta? Kowane madanni da ɗan injininai ƙarƙashi."

Goggo tana kwance ta ba mu baya. Can sai muka ji, "Ƙara irin wace?"

Ya kunna mata bidiyo a waya. Ta saurara har ƙarshe, ta yi tsaki.

"Wayarka ta ka ƙara, ba shi ba. Wa ka sayen tukunya bai ƙwanƙwasa ba?"

"Ai Shinkafi shike, Goggo, wurin abokina Isiya."

"To Shinkafi sama ta?"

Washegari da hantsi muka tarar da ita a zaure da hijabinta da takalmi, tana faɗan mun makara. Fitarta ta farko ke nan tun da ta kwanta. Muka kama hanya da wuri, don a shekarun nan ba mai son yamma ta riske shi a kanta.

Isiya ya shimfiɗa mata kayansa a kan teburin shagonsa. Na farko da ya jona sai ga fitilu, ja da kore da shuɗi suna bin juna.

"Kashe min wagga hwitila! Ba gidan biki niz zaka ba."

Ya kashe nan take. Ya cire hular madanni ɗaya ya nuna mata ɗan abin da ke ƙarƙashi, wanda suke ce wa suwic. Ya ce iri uku gare shi, ana gane su da launi, kuma ana iya zare kowane a sa wani, kamar yadda ake sauya batir. Goggo ba ta bi ta bayaninsa ba. Ta sa Bashar ya ɗaga mata kowane kibod zuwa kunne, ta ƙwanƙwasa bayansa da gaɓar yatsa, sannan ta sa dama ta buga.

Mai jan suwic laushi gare shi, da ka taɓa ya shige, ba sauti.

"Munahiki. Ya yi aiki bai hwaɗi ba."

Mai ruwan ƙasa yana da ɗan tudu a tsakiya, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Wanga kunya gare shi, kamar sabon suruki."

Sai mai shuɗi. Ƙas! Ƙas-ƙas-ƙas! Wallahi na ga fuskar Goggo ta washe kamar an ce ga ɗan'uwanta ya dawo daga Makka. Ta ci gaba da bugawa da hannu ɗaya, har mai shayin da ke maƙwabtaka ya leƙo.

"Isiya, gyaɗa aka ɓara nan ciki?"

"Maƙwabci ya jiya," in ji Goggo. "Shi muka so."

Aka zo ciniki ta ce a cire mata kuɗin fitila tunda ba za ta kunna ba. Isiya ya rantse a jiki take. Da ta ga ba ci, sai ta miƙa hannu.

"To gyara."

"Hajiya, kibod na, ba tumatur ba."

"Ni ban taɓa sayen abu ba gyara ba, kuma ba kanka za ni hwarawa ba."

Ya rasa yadda zai yi, ya damƙo jajayen suwic cike da hannu ya zuba mata a leda, har da ɗan ƙarfen zare su.

"Munahukkan za ka ba ni?" Ta ɗaure bakin ledar ta jefa a jaka, don Goggo ba ta barin abin kyauta ko ba ta son shi.

Ashe gyaran nan shi ne maganin. Da aka kafa mata kibod a shago, dama ta kama aiki, hagu kuwa ya kasa danna shuɗi ko ɗaya. Na ga idonta ya fara komawa irin na ranar tafireta. Washegari kafin ta iso, Bashar ya zare duk shuɗɗan suwic na ɓangaren hagu ya sa jajayen, ya mayar da huluna kamar ba a taɓa ba. Ta zo ta zauna, ta ɗora hannun da kyar, ta danna sau ɗaya. Harafi ya fito a allo, amma shiru.

"Bashar! Zaka nan. Wa yas sa min munahukkai cikin gida?"

Ya tsaya daga nesa, inda hannu ba ya kaiwa. "Goggo, yatsun ba su iyawa da shuɗi tukuna."

Na ɗauka yau shagon zai kama da wuta. Amma ta daɗe tana kallon hannunta da harafin da ya fito.

"To su zamna haya," ta ce. "Amma duk yatsan da yay yi ƙarhi, ranar za a kori nashi."

Bugun takarda ya riƙa ba ta haushi, don dama na gudu hagu na rarrafe. Sai ta koma kallon samarin da ke baya suna tseren mota. Ta ce ita ba ta wasan yara, amma kullum kujerarta na ƙara matsawa. Rannan wani ya kife mota a gabanta, ya tashi ya sake kifewa, haƙurinta ya ƙare.

"Tashi! Wa yab ba ka lasin?"

Bashar ya jona mata kibod ɗinta yana ɓoye murmushi, don ya san madannan tuƙin gem duk a ƙarƙashin hannun hagu suke. Goggo ta gyara zama, ta yi bisimilla, ta karanta addu'ar hawa mota har ƙarshe, ta tambayi ina tarafiketa, fitilar nuna kwana. Aka ce babu. Ta ce shi ya sa ba su da albarka. Ta ɗauki hanya a hankali tana bin hannunta, duk motar da ta wuce ta a guje sai ta bi ta da "Allah shi kiyaye hanya." Samari suka riƙa faɗuwa ƙasa don dariya. Ni kuwa ba allon nake kallo ba, yatsun nake kallo, suna motsi.

Labari ya kai har Zurmi. Wani Lawali da ake ji da shi a gem can ya zo takanas ya ga tsohuwar da ke tuƙi. Aka haɗa su. Lawali ya fizgi mota, ya daki katanga, ya hau kan wata, ya wuntsila, ya miƙe, ya isa. Ya sha ruwan leda ya huta kafin Goggo ta ƙaraso, motarta ko ƙwarzane babu.

"Hajiya, na riga ki."

"Awo, ka riga ni. In hanyar Zurmi ta, da yanzu muna gidanku muna gaisuwa. Ni ko ga ni na kawo hwasinjana lahiya."

Lawali bai koma gida ba sai da ya durƙusa ya nemi ta sa masa albarka.

Yatsan manuni ne ya fara korar ɗan hayarsa. Ranar Goggo ta sa aka sayo ƙosai aka raba, ita da kanta ta riƙe jan suwic ɗin ta yi masa faɗa kafin ta jefa a gwangwani. Na tsakiya ya biyo, sannan na kusa da shi. Kowane wata shagon na ƙara ƙara, har mai facin da ke gefenmu ya ce injinsa ya fi mu kunya. Ƙaramin yatsa ne ya ja lokaci, ta ce gadon taurin kai ya yi, ba ta faɗi na wa ba. Kafin nan ta koma zuwa biki da suna, hannu a waje, tana karɓar aikin ɗalibai a shago tana yi musu faɗa kyauta. Ranar da aka zare ja na ƙarshe samarin gem har kabbara suka yi.

Bara ciwon ya dawo, kuma wannan karon duk mun gane ba na tashi ba ne. Ina zaune gefen gadonta a asibiti bayan la'asar, na juya fuska don kada ta ga hawayena. Sai na ji an kama mini wuyan hannu. Hagun ne. Ta matse, ta ƙara matsewa, har sai da na ce wash.

"Kin jiya?"

"Na jiya, Goggo."

"Har ƙaramin?"

"Har shi."

"Madalla." Ta lumshe ido. "Abin da nika tsoro ke nan, ɗiyata, hannu shi riga ni tahiya. Yanzu tare za mu."

Ba ta sake ni ba sai da aka kira magariba.

Allah ya jiƙan Goggo Kulu, ya yafe mata, ya sa ta huta. Ya Ubangiji, da hagu ta yi fama a duniya, ka kuma ba ta nasara a kansa. Ranar gobe ka miƙa mata takardarta a dama. Amin.