Gadar Ruwan da Ta Raba Ni da Injiniya Sanda

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Maris 2017, aka bugo daga Birmingham aka ce Injiniya Sanda ya rasu. Ni Salihu magini ne, ban yi boko ba, 'yata Jamilatu ce ke rubuta abin da nake faɗa, kuma na hana ta gyara mini magana.

Sanda, a ɗakin taruwar tsofaffi na unguwarmu Longsight muka saba, kafin council, wato ƙaramar hukuma, su ce babu kuɗi su rufe shi, ka koma wurin ɗanka a unguwar Selly Oak, can Birmingham. Kai ke raka ni wurin GP, wato likita, kana yi mini tafinta. Kai ka cike mini takardar bus pass, katin shiga bas, ba ka taɓa bari na ji kunya ba.

Sai ranar da ka kawo hoton nan. Wani tsohon gari a kan tudu a Italiya, da gadar dutse mai ƙofofi masu lanƙwasa kamar bakan gizo wadda ka ce shekara ɗari bakwai da suka wuce ita ke ɗauko ruwa daga tsauni zuwa tsakiyar gari. Ka ce yanzu ruwan ya ƙafe, mutane ke tafiya a kanta. Kana rubuta tarihinta, ka ce magini ɗaya ya yi ta. Na duba jerin duwatsun na ce hannu biyu ne, wato magina biyu, wanda ya gina ɓangaren hagu ya fi haƙuri. Ka yi dariya a gaban mutane, ka ce, "Malam Salihu, takarda ba ta faɗa ba." Shekara arba'in ina gini, wai takarda!

Shekara biyu ban gaishe ka ba. Bara ka je garin da ciwon gwiwarka, ka hau har gindin gadar. Da ka dawo ka kira ni sau uku, ina kallon wayar ban ɗauka ba.

A zaman makoki na tambayi matarka Hajiya Turai abin da ka gano. Ta ce, "Wallahi Baba, bai gaya wa kowa ba. Cewa ya yi kai za ka fara ji."

Har yanzu ina kan maganata, hannu biyu ne. Amma na yafe dariyar, duniya da lahira. Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya ba Hajiya Turai da yara haƙuri. Hajiya, kira ukun nan ki yafe mini a madadinsa.