Tsage Bakwai a Fuskar Kakan Musiliu

Musiliu Raji mai fenti ne a Fagge, kuma a shekarun da kuɗin fetur suka shigo gari ba ya rasa aiki. Wanda ya buɗe shago a Kantin Kwari shi zai rubuta masa allo, wanda ya sayi babbar mota shi zai zana masa zaki a bayanta. Zakin nasa ya fi kama da akuya mai ciwon haƙori, amma direbobi ba su taɓa ƙorafi ba.

A 1976 aka yi sanarwa a rediyo cewa ana neman matasa masu zane da za a tura bikin al'adun baƙar fata a Ikko, da sharaɗin aikin ya fito daga tushen mutum. Tun ranar Musiliu ya hana a kira shi mai fenti. Ikko yake so, ya huta da rubuta "Ba a fitsari a nan" a katangar mutane.

Tushen kuwa a adakar kakarsa ya neme shi, Iya Mulikat mai atamfa, ranar da ta tafi suna. Can ƙasan zannuwa ya ci karo da wani tsohon hoto: dogon mutum da babbar riga da sanda, ga tsage a kumatunsa, huɗu a dama, uku a hagu. Bai tambayi kowa ba. Ya yanke cewa kakansa ne, wanda ya rasu kafin a haife shi. Wata biyu ya yi yana zana shi a ƙyalle mai tsayin ƙofa, ya ƙara masa doki, tunda mutum irin wannan ba zai zo Kano daga Ogbomosho a ƙafa ba.

Dakta Augustine, malamin jami'a da ke shugabantar kwamitin zaɓe, da ya ga zanen sai da ya cire tabarau ya goge. Ya ce shekara goma yana bincike bai taɓa ganin tsagar da ba ta zo daidai ba, lallai wannan alamar gidan mayaƙa ce da Turawa suka shafe tarihinsu. Shafi uku ya rubuta a kan tsaga ta huɗun nan kaɗai.

Ranar yanke hukunci, a wani zaure a Sabon Gari, Musiliu ya yi abin da ya ɗauka dabara ce. Ya ɗauko Iya a tasi don ta ba da shaida. Idonta ya yi rauni, sai da aka kai ta dab da zanen. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ja tsaki.

"Musili, uban wa ya ba ka izinin buɗe min adaka?"

"Iya, tarihi ne. Ki faɗa musu wane ne."

"Abdulrazak ne, akawun reluwe. Wa ya ara masa doki? Ko keke bai iya ba."

Dakta ya matso da ladabi, ya ce Mama ta yi musu bayanin tsagen mai gidanta. Ta ce ita ba mai gidanta ba ne. Mutumin ya yi mata alkawarin aure, ya ci tuwon gidansu shekara biyu, sannan ya hau jirgin Jos bai ko yi sallama ba. Rigar ma ta mai hoto ce, duk wanda ya zo ita ake sa masa.

"To tsagen fa, Mama?"

"Ni na yi masa. Da allura, a kan hoton."

"Amma huɗu da uku..."

"Allurar ce ta karye, ɗan nan. Da sai na kai har wuya."

Musiliu ya fara kwance igiyar zanen a hankali, yana lissafin katangun da ke jiran sa. Sai Dakta ya riƙe masa hannu. Ya juya ga 'yan kwamiti ya ce tsofaffi sukan rikice, kuma dai littafin bikin ya riga ya tafi wurin ɗab'i da shafukan nan uku a ciki. Aka sa wa Iya lemo a hannu aka mayar da ita tasi.

Musiliu ya je Ikko. Wata guda yana tsaye gefen saurayin kakarsa, yana yi wa baƙi daga Amurka bayanin tsaga ta huɗu. Wata mata har da hawaye.

Da ya dawo ya kwana biyu yana kewaye-kewaye kafin ya zauna kusa da Iya a shago, ya tambaye ta shi kakan nasa na gaskiya yaya kamanninsa suke, ko zai zana shi. Iya ba ta daina ninke atamfa ba.

"Raji? Tela ne. Gajere, ga sanƙo, ga tari. Shekara talatin bai taɓa ɓata min rai ba. Kada ka wahalar da fentinka, ko Zariya ba za su kai ka da shi ba."