Ashe Sun San Hanyar Bolari

Har yau idan na ji mai kamfani ya buɗe baki ya ce wa ma'aikatansa "mu nan dangi ne", sai raina ya ɓaci. Dangi! Wallahi da kalma tana kai ƙara, da wannan ta daɗe da maka su a kotu.

Na yi wa wani kamfani aiki daga ɗakina a unguwar Jekadafari, cikin Gombe. Babban ofishinsa yana Legas, ni kuwa ko ƙofarsa ban taɓa gani ba. Aikinmu amsa kiran manoma ne. Wannan ya ce masararsa ta yi ja, wancan ya ce tsutsa ta shiga masa wake, mu duba kwamfuta mu gaya musu abin yi. An warwatsa mu ko'ina, wasu a Kano, wasu a Jos, wasu a Bauchi da Yola. A Gombe mu biyu ne kacal, ni da wata yarinya 'yar unguwar Bolari wadda ke amsa kiran masu Fulatanci. Na girme ta, don haka Adda take kira na. Yarinya ce mai sanyin murya, tsoho zai kira yana ta faɗa a kan takin da bai yi masa aiki ba, kafin ya ajiye waya yana sa mata albarka.

Akwai wata mata a Legas da muke kira Madam, wadda aka ɗauka takanas don ta sa mu ƙaunaci juna. Aikinta ke nan, kuma ba ta wasa da shi. Ita ta aiko mana da riguna da kofunan shayi masu rubutun "Mu dangi ne". Ita ta ƙirƙiro zaman dangi, kowace Juma'a bayan la'asar, kowa ya kunna kyamara dole, ko da kuwa data ta kusa ƙarewa. A tambaye ka wace dabba za ka so ka zama, a ce ka nuna abin da ka ci da rana. Ni da 'ya'yana uku, an taɓa sa ni na yi kukan akuya a gaban mutanen da ban taɓa gani ido da ido ba. Sannan akwai doka guda: duk wanda ya gama magana, ko me ya faɗa, sai kowa ya danna maɓallin tafi. Nan take hannaye masu tafi da balan-balan da furanni su yi ta tashi a fuskar kwamfuta. Idan ba ki danna ba, kafin magariba saƙon Madam ya iso: "Lafiya kuwa, 'yar'uwa? Ban ga tafinki ba." Da haka yatsunmu suka saba, har ya zama ba ma sai mun ji abin da aka ce ba.

Mahaifin yarinyar nan tela ne, shagonsa yana jikin gidansu, kusa da tashar mota. Shi ya tsaya mata ta yi aikin nan. Ya ware mata ƙaramin ɗakin da ke bayan zaure, ya sa aka ɗora farantin sola a kan rufi don kada ɗaukewar wuta ta katse ta. Idan yara suka cika surutu sai ya leƙo daga shago ya ce, "Kai, ku yi shiru, tana ofis!" Yakan faɗi kalmar nan da wani irin alfahari da ke ba ni dariya.

Yayansa kuwa, wanda kowa ke kira Bappa, bai taɓa yarda ba. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ya yi ritaya daga sakatariya. A wurinsa aiki shi ne ka yi wanka ka fita, ka zauna a tebur, masinja ya gaishe ka, idan matarka ta haihu a zo maka suna. Budurwa ta kulle kanta a ɗaki, ta toshe kunnuwa, ta wuni tana magana da mazan da ba wanda ya san su, a ce wai aiki? Ya sha faɗa wa ƙanin nasa haka, shi kuwa sai ya yi murmushi ya ci gaba da taka kekensa.

A cikin damina Allah ya yi wa telan rasuwa, bayan 'yar gajeriyar jinya. Ina jin labari na tari keke na tafi. Washegari ma na koma, kuma ina shiga yarinyar ta ja ni zuwa ɗakin nan nata, idanunta sun kumbura.

"Adda, mutanen ma'aikatar da yayana yake aiki sun zo ɗazu, bas guda. Daraktansu da kansa ya cire takalmi ya zauna a tabarma. Suna tafiya Bappa ya kira ni ya ce ina nawa mutanen."

Na ce, "To ni fa? Ba tare muke aiki ba?"

"Na gaya masa. Ya ce ke 'yar gari ce, ko ba aiki za ki zo. Ya ce idan da gaske ina da wurin aiki, zai ga mutanen wurin kafin a tashi zaman makoki. Idan bai gan su ba, zai sa a kwance solar nan, in nemi abin da mutane ke yi."

Kuma yanzu gidan a hannunsa yake. Wanda ke tare mata faɗa yana makabarta.

A tsaye a tsakar gidansu na kira Madam. Na yi mata bayani dalla-dalla, da duk Turancin da Allah ya hore mini. Na ce a nan gaisuwar mutuwa da ƙafa ake yin ta. Na ce ba kyauta muke nema ba, ba jawabi ba. Muna da abokan aiki a Bauchi, muna da su a Yola, su fito da safe su iso kafin azahar. A ba mutum biyu ko uku hutun yini guda, su zo su zauna a tabarma, su ce Allah ya jiƙansa, su sha ruwa su koma. Na gaya mata ƙarara cewa aikin yarinyar nan ne a kan layi, wato idan ba su zo ba ta rasa shi.

Madam ta yi ta cewa ayya, ayya, har na ɗauka ta gane. Sai ta ce ai damina ce, manoma suna ta kira, ba za a iya rage ko mutum ɗaya ba. Kuma ma, in ji ta, al'adar kamfaninmu ita ce nisa ba ya raba mu. Ga shi an yi sa'a sadakar uku ta faɗo ranar Juma'a. Za a mayar da zaman dangi ya zama na ta'aziyya, ni in ɗauki kwamfuta in kai gaban dattawan gidan, dukkanmu mu bayyana. "Maimakon mutum uku, za su ga kamfani gaba ɗaya! Ba ki ga ya fi ba?"

Na ce bai fi ba. Na sake cewa bai fi ba, har murya ta ta tashi, wata goggo da ke tankaɗe ta ɗago ta dube ni. Madam ta ce tana jin zafin da ke raina kuma tana girmama shi. Irin maganar nan tasu da ke sa mutum ya ji kamar ya buga waya da ƙasa.

Na gaya wa yarinyar yadda muka yi. Ta ce, "A gwada, Adda. Ko ba komai zai ga fuskokinsu."

Ranar Juma'a bayan la'asar maza sun cika rumfar da aka kafa a ƙofar gida. Bappa yana tsakiya da carbi, limamin unguwa a gefensa. A can ƙarshen tabarma akwai wani Ibo mai sayar da kayan gyaran babur, maƙwabcin shagon marigayin, ya naɗe ƙafa ya sunkuyar da kai. Na durƙusa daga bakin rumfa na gaishe su, na miƙa wa yayan yarinyar kwamfuta, ya ɗora ta a kan benci yana fuskantar Bappa. Ita kuma tana tsaye a cikin zaure, tana leƙe ta bayan ƙyaure.

Fuskoki suka fito a ƙananan akwatuna. Innalillahi! Wani yana sanye da singileti. Wata tana cin gyaɗa. Wani yana tuƙi, hancinsa kawai muke gani da rufin mota. Wata ta manta ba ta cire hoton bakin teku da ke bayanta ba, ga itatuwan kwakwa suna kaɗawa. Shi kuwa babban Oga, mai kamfanin, bai ma kunna kyamara ba, hotonsa ne kawai yana washe haƙora. Madam ce kaɗai ta yafa baƙin gyale, wannan kam zan ba ta.

Ta fara jawabi, ina fassarawa daga inda nake durƙushe, ina gyara abin da ke gyaruwa. Da ta ce kowa ya faɗi wani abin daɗi da yake tunawa game da Baba, sai na haɗiye wannan ban fassara ba, don a cikinsu babu wanda ya san ko tela ne ko direba. Wani yaro ɗan Kano, Allah ya yi masa albarka, ya yi gaisuwa yadda ake yi, amma sabis ya yanke shi a tsakiya, bakinsa ya tsaya a buɗe.

Duk da haka Bappa ya daure. Dattijo ne, ba zai wulaƙanta wanda ya ce ya zo gaisuwa ba, ko ta wace ƙofa ya shigo. Ya ce wa liman a yi addu'a. Aka ɗaga hannuwa. Liman ya roƙa wa marigayi gafara, ya roƙa wa marayu haƙuri, rumfa ta amsa da amin, ni kaina hawaye ya zubo mini. Aka shafa.

Liman yana rufe baki, kwamfutar nan ta cika da tafi. Hannaye rawaya suna ta bugun juna, balan-balan ja da kore suna tashi sama, furanni suna zubowa kamar ana bikin buɗe shago. Mutum ya gama magana, yatsu sun yi abin da aka koya musu.

Bappa ya matso da fuskarsa ya ƙura ido. Ya ce, "Mene ne wannan kuma?"

Sai yayan yarinyar ya ce a hankali, "Tafi suke yi, Bappa."

"Tafi? Ƙanina ne ya mutu suke tafi?"

Na buɗe baki zan yi bayani, ya ɗaga mini hannu. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi, da ya fi mini sauƙi. Ya nuna Ibon nan da carbinsa ya ce, "Kin ga wancan? Ba ya sallarmu, ba ya jin addu'ar da aka yi. Tun ranar da aka yi rasuwar nan ya rufe shagonsa yake zaune a nan. Ban ji ya ce mana shi danginmu ne ba." Sannan ya ce wa yayan, "Rufe abin nan, ka mayar mata." Da na waiga zaure, babu kowa a bayan ƙyauren.

Ba a yi sati ba aka kwance solar. Na je na roƙi Bappa, na sa mijina ya je, na sa liman ya sa baki. Amsarsa ɗaya ce: ya yarda akwai aiki, ya gani da idonsa, amma ba zai bar 'yar ƙaninsa a hannun mutanen da idan ita ce ta mutu za su tafa ba. Na ji haushinsa ƙwarai, don ya raba yarinya da abin da ubanta ya gina mata tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Amma ban iya ce masa ƙarya yake yi ba, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai.

A zaman dangi na gaba Madam ta nuna hoton da ta ɗauka ranar, ga akwatunan fuskokinmu, ga Bappa da hannuwa a sama. Ta ce wannan shi ne abin da ya bambanta mu da sauran kamfanoni. Sannan ta sanar cewa 'yar'uwarmu ta Gombe ta ajiye aiki saboda dalilai na iyali, a yi mata tafin bankwana. Balan-balan suka tashi. Na naɗe hannuwana a ƙirji, na bar kyamara a kunne don ta gan ni da kyau. Kafin magariba saƙonta ya iso, ba ta ga tafina ba. Amsar da na ba ta ba ta rubutuwa a littafi.

Saura kwamfutar kamfani da ke hannun yarinyar. Na ce a bari in kai ta tasha in ba direba, ai ga tasha nan a bayan gidansu. Aka ce a'a, kayan kamfani masu daraja ne, ba a ba direban haya, dole ma'aikaci ya karɓa hannu da hannu ya kai ofishin shiyya. Damina ba ta wuce ba, manoma ba su daina kira ba, amma aka ba wani abokin aikinmu na Bauchi hutun yini guda, aka biya masa mota.

Ni na tarye shi a tasha na raka shi gidan. Yana sanye da rigar nan mai "Mu dangi ne", kunya ta hana shi ɗaga kai. Bappa yana zaune a ƙofar shagon da aka rufe. Da na ce ga baƙo daga kamfani, sai ya miƙe da sauri duk da ciwon gwiwarsa, ya ce a kawo tabarma, a kawo ruwa. Ya ɗauka gaisuwa aka zo yi, ko da an makara.

Bawan Allah ya durƙusa ya yi ta'aziyya. Bappa ya amsa, har fuskarsa ta fara saki. Sai yarinyar ta fito daga zaure rungume da kwamfuta, ta naɗe wayar cajin a kanta tsaf, ta ajiye a gaban baƙon.

Bappa ya dubi kwamfutar, ya dubi baƙon, ya dubi rubutun da ke ƙirjin rigarsa. Sannan ya ce, "Ashe kun san hanya."