Ƙwayar da Nake Sakawa a Koko

Matso kusa ka ji, wannan ba zancen ɗaga murya ba ne.

A shekarun da rediyo ba shi da hira sai ta shari'a da zaɓe, likita a Kano ya ce jijiyoyin zuciyar Malam, maigidana, sun toshe. Ya rubuta masa wata 'yar ƙwaya mai tsinka jini, kullum ɗaya. Malam kuwa ba ya shiri da magani. Ya sha kwana uku ya ajiye kwalbar a taga, ya ce Allah ne mai warkarwa. Ban yi musu ba. Kowace safiya sai in murƙushe ɗaya da bayan cokali in kaɗa masa a koko. In ta ƙare, ƙanena mai mota a Rano ya sayo mini. Har yau in na lumshe ido ina ganin tururin kokon nan yana tashi a hankali, hasken hantsi yana ratsa shi.

Da aka sa ranar yi masa aiki a zuciya, likita ya gargaɗe shi ya bar ƙwayar kwana bakwai kafin nan, don in an buɗe ƙirji jini ba zai tsaya ba. Malam ya ce to. A ransa ai ya daɗe da bari, bai ga abin faɗa a gida ba. Ni kuwa ko ƙofar asibitin ban sani ba.

Ana gobe tafiya wanzaminsa ya zo daga Tarai, don Malam ba ya tafiya da suma. Aska ta ɗan taɓa bayan kunne. Jini ya yi ta tsattsafowa, siriri kamar zare, ana dannawa yana dawowa, har aka kira azahar. Malam ya yi dariya, ya ce sai ka ce mai shan ƙwayar da likita ya hana kafin aiki.

Ina bakin murhu na ji. Muryoyinsu suka yi mini nisa, kamar daga cikin rijiya. Na taso.

"Malam, kana sha. Wata goma ke nan, a koko."

Ya dube ni ya ce:

"Ashe shi ya sa kokon ke ɗaci-ɗaci. Ni ina ta zargin geron bana."

Aka ɗaga aikin mako guda. Ya je ya dawo da dogon ɗinki a ƙirji, muka ƙara shekaru tare. Tun daga nan kullum sai ya miƙo tafin hannu, in ɗora masa ƙwayar ya gani da idonsa.

To kai da ka saurara, faɗa mini: da askar nan ba ta zame ba, wa za a ce ya kashe shi?