Kason Isufu a Cikin Kwalba

Ni mahauci ne, ɗan mahauci. A Zongon Lome aka haife ni, kuma tun ban kai tsawon teburin babana sosai ba nake awon nama. Ba yabon kai ba, a lokacin matan unguwar Bè-Kpota sukan wuce tebura biyar su zo namu, don sun san kilon da na auna kilo ne. Ba mu da arziki. Muna ci, muna biyan haya, ranar Juma'a mu sa wankakkun kaya. Ku samarin da ke zama a bakin masallaci kuna zancen wane ya sayi mota, wane ya hau bene, da ku nake, kuma ba da dariya nake wannan magana ba.

Shekarar da zinariya ta ɓulla a wani daji can arewa, bayan an tsallake iyaka, Zongo ta kusa watsewa. Masu zemijan, wato 'yan acaɓa, suka sayar da baburansu, teloli suka rufe shago, kowa ya bi mota. Ni na tafi tare da Isufu, ɗan Inna Ladi mai koko, wadda ɗakinta ke kallon namu. Tare muka tashi, tare muka sha bulalar malam ɗaya. Matarsa ta rasu wajen haihuwa, sai ya bar jaririyar, Rabi, a hannun uwarsa, ya ce zai je ya nemo wa yarinyar abin da za ta yi karatu.

Wani Alhaji ɗan unguwarmu ne ya ɗauki nauyin raminmu. Ba zan faɗi sunansa ba, yana nan da ransa, a sahun gaba yake salla. Shi ke kawo shinkafa da igiya da injin jan ruwa. Ƙa'idar ita ce duk abin da aka wanke, rabi nasa ne, sauran rabin mutum takwas da ke shiga rami su raba. Kasonsu ɗin ma dole shi za su sayar wa, a farashin da ya yanka. Mutumin nan ko leƙa ramin bai taɓa yi ba, wai ƙura tana tayar masa da tari. Su Isufu kuwa tun safe suke sauka da tocila ɗaure a goshi, su fito da la'asar ba ka gane fuskar kowa. Don Allah wannan rabo ne? Har gobe in na tuna, zuciyata tafasa take yi.

Ni ban shiga rami ba. Saboda sunan da na yi a teburin nama, mahaƙan da kansu suka ce ni zan riƙe awo. A can ba da kilo ake aunawa ba. Ɗan sikeli ne na hannu, garin zinariya a gefe ɗaya, tsinken ashana a ɗaya gefen. Ashana nawa garinka ya ɗaga, kuɗin ashana nawa za a ba ka.

Wata rana Alhaji ya ɗauki kwalin ashanata ya girgiza, ya ce, "Ɗan mahauci, ashanar nan taka ta bushe da yawa. Ana cutar mu." Ni kuwa na gane nufinsa. Na jiƙa tsinkayen a ruwan gishiri na shanya su a inuwa. Ido ba ya ganin bambanci, amma sun yi nauyi, sai mutum ya ƙara gari kafin sikeli ya daidaita. Alhaji ya riƙa ba ni ɗan abin goro. Da na ga ba wanda ya lura, na ƙara gishiri, rarar na riƙa zubawa a aljihuna. Na ce wa kaina kowa a dajin nan ɓarawo ne, in na koma gida hannu wofi ni ne wawa. Amma ku duba rashin kunyata. Haushin Alhaji nake ji, amma ko ƙwayar gari ban taɓa ɗauka daga rabinsa ba, don ina tsoronsa. Waɗanda suka yarda da ni na ci.

A damina ta biyu, ranar da suka faɗa kan jijiyar zinariya mafi kyau da muka taɓa gani, rami ya rufta da Isufu. Sai washegari aka ciro shi. Ni na yi masa wanka, ni na sa shi a kabari, kuma wallahi kukan da na yi ranar na gaskiya ne.

Mahaƙa suna da al'adarsu. In mutum ya mutu a rami, duk abin da aka wanke daga ƙasar da ya haƙo a ranarsa ta ƙarshe nasa ne gaba ɗaya, ba a raba shi da kowa. Ana zuba shi a kwalba, a liƙe bakin da kyandir a gaban jama'a, a ba ɗan garinsu ya kai wa iyalinsa. Alhaji ya so ya cire rabinsa. Garba, Bazabarmen da ke shugabantar mahaƙan, ya miƙe da diga a hannu ya ce, "Alhaji, wannan ba a taɓa shi." Alhaji ya ja da baya. Garba ya zuba garin a wata kwalbar magani, ya ɗiga farin kyandir a bakinta, ya miƙo mini. Ya ce, "Kai ne ɗan'uwansa. Hannun uwarsa za ka sa."

Abin da Alhaji da duk haɗamarsa ya ji tsoron taɓawa, ni na taɓa. Da na iso Lome, kwalbar ta yi mako a ɗakina. Na ce bari in ɗan cire kuɗin mota, ai wahala na sha. Na kankare kyandir na buɗe. Da na ga garin a tafin hannuna, shi ke nan, na rasa hankalina. Na sayi tsofaffin kawunan famfo wajen masu gwangwan, na goge su da magagari har na tara garin tagulla, na juye zinariyar na ɓoye, na cika kwalbar da tagullar. Na sayi kyandir a shagon bakin titi na liƙe.

Inna Ladi ta karɓa ta rungume a ƙirji. Ta zuba mini koko, ta ƙara sukari da hannunta, ta yi ta sa mini albarka. Ta ce, "Ɗana, ba zan sayar ba. Na Rabi ne. Zan ajiye mata har ranar da ta buƙata." Kun san abin da na ji? Daɗi na ji. Na ce asirina ya rufu. Allah wadaran wannan zuciya.

Shekara shida ina cin haƙƙin Isufu. Na sayi babura na ba yara haya, na koma unguwar Djidjolé, na daina gaisawa da mahauta. Da na ga tagulla ta wuce sau ɗaya, na mai da ita sana'a, ina sa kwat ina kai wa baƙi a otal da sunan zinariya. Ranar salla in shigo Zongo in kai wa Inna turmin atamfa, ita kuma ta bi gida gida tana cewa ba a yi ɗan halak kamata ba.

Sai babur ya buge Rabi a hanyar makaranta, ƙafarta ta karye mummunar karaya. Likita ya ce sai an yi aiki da gaggawa. Inna ta tono kwalbarta daga ƙasan akwati ta nufi babbar kasuwa wajen wani maƙerin zinariya. Ya ɗiga ruwan gwaji, garin ya yi kumfa ya koma kore. Ya kwarma ihu, "Fiafi! Ɓarauniya!" Kasuwa ta taso mata. Aka fizge mayafinta, aka mare ta, tsohuwar da ba ta taɓa cin ko sisin wani ba. 'Yan sanda ne suka ƙwace ta, suka kulle ta a komisariya, wato ofishinsu.

A ranar labari ya same ni. Kuɗin aikin ƙafar nan, babur ɗaya zan sayar ya isa. Amma na ji tsoron in na matso kusa, wani zai tuna wanda ya kawo kwalbar. Na kulle ƙofa na ce ba ni da lafiya. Kwana uku tsohuwa tana kwance a kan siminti, yarinya tana kwance a asibiti ƙafa na kumbura. 'Yan sanda suka tambaye ta wa ya ba ta kwalbar, ta ƙi faɗa. Ta ce, "Wanda ya kawo mini shi ya wanke gawar ɗana. Ba zan sa ku taɓa shi ba. A can daji aka cuce mu."

Kada wani ya ce muku tuba na yi na kai kaina. Kama ni aka yi. Garba, wanda a lokacin yake dako a tashar jiragen ruwa, ya ji labari ya je komisariya ya ce a nuna masa kwalbar. Ya duba ragowar abin da ke bakinta ya ce, "Ni na liƙe ta, da farin kyandir. Wannan ja ne." Da azahar shi da 'yan sanda suka buga mini ƙofa. Garba bai zage ni ba. Tofa mini yawu ya yi a fuska, kuma ya yi daidai.

A kotu na faɗi komai, har ashanar gishiri da wanda ya sa ni. Ba wanda ya kira Alhaji ko ya tambaye shi ina kwana. Ni aka yanke wa shekara biyar, aka sayar da baburana aka biya baƙin da na damfara. Shekarar farko a kaso zagin Alhaji nake yi safe da yamma. Daga baya na gane duk zagin nan ba ya mai da tagulla zinariya, kuma ba hannunsa ne ya kankare kyandir ɗin Garba ba.

Ranar da aka sake ni, ban je ko'ina ba sai ƙofar Inna Ladi. Na durƙusa. Ta daɗe tana dama kokonta ba ta dube ni ba. Can ta ce, "Marin da na sha da kwanan da na yi a kulle, na yafe, nawa ne. Sauran ba nawa ba ne." Sai ta ɗaga murya, "Rabi! Kawo wa abokin babanki ruwa."

Yarinyar ta fito da kofi. An yi mata aikin daga baya da kuɗin da maƙwabta suka haɗa, amma an makara, ƙafar ta gajarce. Tana tafiya tana karkacewa, ruwan yana zuba a hannunta. Ta dafa bango ta durƙusa da ƙyar, ta ce, "Baba, sannu da zuwa." Na kasa sha.

Yanzu na koma teburin nama, na wani, ni ke wanke shi. Abin da na samu, ina kai rabi ɗakin Inna, ita kuma tana karɓa. Na roƙi Allah gafara, ina kan roƙo.

Ku kuma masu shirin bin mota zuwa daji, ku ji ni. Za ku tarar da zalunci a can, za ku ga wanda bai zubar da gumi ba ya kwashe rabi, kuma za ku ji haushi. Ku ji haushin, ku miƙe ku faɗa masa a ido yadda Garba ya yi. Amma kada ku ce tunda babba ya ci ku ma sai kun ci, domin hannunku ba zai kai aljihunsa ba, a kan maraya zai sauka. Ni na gama shekaruna biyar na fito ina tafiya da ƙafafuna biyu. Rabi ba ta da ranar fita.